Sunan da Na Ƙi Rubutawa a Littafin Kawu

Ko da zan manta ranar da na fara shiga aji da ranar da na bar makaranta, ba na jin zan manta ranar da na durƙusa a gaban alƙalin Wurno, mayafina ya jiƙe da gumi, jama'a cike da zaure har waje, ana jira in buɗe baki in faɗi abin da budurwa ba ta faɗa ko a gaban uwarta. Shekaru sun ɗan ja yanzu, amma har yau in na ji dogari ya yi sallama a unguwa, ko ba ƙofarmu ya nufa ba, sai ranar nan ta dawo mini sabuwa. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗanda suka sani sun sani, waɗanda ba su sani ba labarin ya ishe su.

A gidan kawuna na tashi, yayan Inna. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, muka dawo wurinsa. Kawu falken albasa ne. In an cire albasa a fadama yakan saya wurin manoman Wurno da Lahodu da Tursa, ya shimfiɗa ta a rudu inda iska ke ratsa ta, ya jira ta yi daraja. Abin da ya raba shi da sauran fatake shi ne ya daina bin kaya zuwa kudu. A ƙuruciyarsa ya sha yawo, Gusau, Zariya, Jos, Badun, Ikko, har Kumashi, kuma ko'ina ya sauka sai ya bar aboki. Da ƙafa ta fara gajiya sai ya koma aika takarda. In albasa ta kai, ya sanar da mutanensa irin wadda ke akwai da yadda buhu yake, su aiko da saƙo ta gidan waya, shi kuma ya ɗora musu kaya a mota zuwa tashar jirgin ƙasa. Wasunsu rabonsa da ganin fuskarsu tun ba a haife ni ba, amma duk shekara suna jiran takardarsa kamar yadda manomi ke jiran ruwan fari.

Sunayen mutanen nan da inda ake samunsu suna cikin kansa, wasu kuma a guntayen takardu da ya rubuta da ajami ya cusa a gafaka. Gidan waya kuwa boko suke so a bayan ambulan. Don haka duk shekara sai ya tafi Sakkwato ya zauna gaban mai rubuta wasiƙa yana faɗa ana rubutawa, yana dawowa yana gunaguni cewa ya kwance wa baƙo cikinsa. Da na gama makarantar 'yan mata na dawo gida, ya ce ya huta. Ya sayo littafi mai baƙin bango, ya juye mini gafakar nan a tabarma, ya ce, “Ɗiyata, ga wahalata dut. Jera min ita.”

Ya kamata in faɗi abin da makarantar nan ta jawo mini a gari, don shi ne tushen wautata. Lokacin da aka zo ɗaukar yara mata, gidaje da yawa ɓoye nasu suka yi. Kawu ne ya ce a bar ni in tafi, ya sha magana a kan haka. Da na dawo kuwa, abin da nake ji a bakin rijiya da gidan biki shi ne 'yar boko ba ta da kunya, tana kallon namiji cikin ido, tana kiran kowa da sunansa gatsal. Sai na ɗaura ɗamarar ƙaryata su. Na fi kowa sunkuyar da kai, na fi kowa durƙuso, na fi kowa sakaya suna. Ina so a ce ɗiyar wance ta yi boko amma ba ta zubar da komai ba.

Yadda muke aikin shi ne, in lokaci ya zo, Kawu ya kishingiɗa a inuwar ɗakinsa bayan azahar, ni kuma in zauna nesa kaɗan in riƙa karanta sunayen da ƙarfi. Shi ke cewa, “Wanga a aika mishi. Wanga bari, bara ya ɓata min rai. Wanga a gaishe shi da jikin tsohuwatai.” Daga nan in rubuta takardun, in manna kan sarki, ya ba direban motar da ke zuwa Sakkwato.

A cikin haka na san wani saurayi mutumin Rabah. Ya yi makarantar midil, yana akawu wurin wani attajiri a Goronyo wanda shi ma albasa yake saye, sai dai shi yaransa ke bin kaya kudu suna neman mai saye a bakin kasuwa. Ranar kasuwar Wurno saurayin kan zo a kan keke. Ya fara da kawo mini jarida in ya gama karantawa, daga nan aka koma tsayawa a ƙofar gida da la'asar. Ku gane halin da nake ciki. A duk unguwarmu babu wanda zan ce wa na karanta kaza ya ce shi ma ya gani. Shi kuwa ga magana, ga fara'a, ga tsabta. Bai turo magabatansa ba, bai ma ce zai turo ba. Amma ni a zuciyata na gama komai. Har ta kai ba na iya furta sunansa, kamar yadda mace ba ta furta na mijinta.

To, sunansa irin wanda ake samu a kowace unguwa ne, kuma mutum huɗu cikin masu sayen albasar Kawu suna amsa shi: ɗaya a Kumashi, ɗaya a Jos, ɗaya a Badun, ɗaya a Gusau. A shekarar littafin farko ya cika da goge-goge, na sake juye shi a sabo. Da na zo kan na farkonsu sai na tuna cewa da bakina zan karanta shi a gaban Kawu. Na tsaya, alƙalami a hannu. Sai na rubuta Malam Maisuna. Haka na yi wa duka huɗun. A bayan ambulan nakan sa sunan gaskiya, tun da hannu ba shi da harshe, amma a littafi Maisuna suke. Ranar da na fara karanta wa Kawu, “Malam Maisuna na Kumashi, mai rumfa kusa da masallacin zango,” ya ɗan ɗago kai ya dube ni, ya mayar ya ce, “A aika mishi.” Bai tambaye ni ba. A lokacin na ɗauka bai lura ba. Yanzu na san babba ne, ya ga abin da ya gani ya kau da kai.

Ana cikin sayen albasa, Kawu ya tafi Tursa zai yi kwanaki. Ranar kasuwa saurayin ya zo, muna tsaye a ƙofar gida, ya fara yabon rubutuna da ya gani a gefen wata jarida. Ya ce maigidansa ya ɗora masa rubuta wasiƙu, shi kuwa a midil ba a koya musu yadda ake jera adireshi ba, yana jin kunya a gidan waya. “Ku makarantam mata an fi koya muku tsabtar aiki,” in ji shi. “An ce kin yi ma Kawu wani littafi awa na ofishin Bature. Ara min in duba yadda kinka tsara, kasuwa mai zuwa in maido.” Na ce ba nawa ba ne. Ya yi murmushi ya ce, “Ai na sani. Mi za ni yi da sunayen mutane, miya za ni sa su? Ko dai ba ki yarda da ni ba?” Wannan tambayar ce ta kashe ni. Na shiga ɗaki, na naɗe littafin a tsohon kallabi, na fito na miƙa masa, har ina jin daɗi an roƙe ni abu. Kasuwa ta zagayo ya dawo da shi lafiya lau, ko ƙura babu, ya haɗa mini da sabulu mai ƙamshi. Na mayar da shi wurinsa, na ce shi ke nan.

Lokacin aika takardu ya yi, muka aika kamar kullum. Sai shiru. Amsa ta riƙa zuwa ɗai-ɗai, wasu ma gaisuwa ce kawai da addu'ar Allah ya ba shi lafiya, abin da ya ɗaure wa Kawu kai, don ko mura bai yi ba. Albasa na rudu, zafi ya tsananta, gajimare ya fara leƙowa daga gabas. Wanda ya san albasa ya san in damina ta same ta a rudu, tsiro da ruɓa za su raba ta. Kawu kan shiga da safe yana tsince waɗanda suka yi laushi, ya fito da su a kwando.

Sai ga takarda daga Kumashi, mai kauri. Kawu ya kira ni in karanta. Mutumin ya rubuta cewa wata wasiƙa ta riga tamu isa rumfarsa, daga wani attajiri na Goronyo, tana cewa Kawu ya tsufa, ciwo ya kwantar da shi, ya bar ciniki ya miƙa musu mutanensa, daga yanzu su za a riƙa aika wa saƙo. Ya ce maƙwabtansa da yawa sun gaskata har sun aika. Shi abin da ya sa ya yi shakka, rumfar tasa ce a bayan ambulan ba kuskure, amma an kira shi da sunan da ba a taɓa kiransa da shi ba. Ya haɗo ambulan ɗin. Na juya shi. Malam Maisuna. Da rubutun saurayin nan, wanda na sani kamar tafin hannuna.

Ban san yadda na karanta wa Kawu har ƙarshe ba. Da na kai ga sunan na faɗe shi a hankali. Ya tashi zaune sosai, ya ce, “Wanga suna wuri guda a ka samun shi a duniya. Ɗiyata, wa at taɓa littafin?” Na ce, “Ba kowa, Kawu.” Ya ce, “Ba kowa?” Na ce, “Ba kowa.” Ya dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ya yi. Ya ce, “To. Tashi ki tai.” Wannan ƙaryar ta fi ba da littafin ci mini rai har gobe.

Kawu bai yi gaggawa ba. Ya fara neman shawarar wani tsohon masinja da ya yi aiki a ofishin Di'o. Mutumin ya ce masa a dokar Turawa wanda ya sha wahala ya tara abu a rubuce nasa ne, ba a juye shi sai da izininsa, ana iya hana wanda ya juye amfani da shi, a kuma sa shi biyan asara. Amma sai an tafi babbar kotu, a ɗauko lauya daga kudu, a yi ta ɗage zama. “Kafin a ƙare,” in ji shi, “albasakka ta zan taki.” Sai Kawu ya ɗauki wani dattijo suka tafi Goronyo neman sulhu. Attajirin ya ba su ruwa da goro, ya yi musu dariya, ya ce kasuwa ta Allah ce. Da suka dawo Kawu ya kai ƙara gaban alƙali, aka aika sammaci, tun da a Wurno abin ya faru.

Zaman farko ban je ba, a tsakar gida na ji yadda aka yi, Kawu na faɗa wa Inna ina bayan zana. Attajirin ya ce yaransa ne suka tattaro sunayen a kasuwannin kudu, Maisuna kuwa laƙabi ne, haka suka ji ana kiran mutumin. Alƙali ya ce mai ƙara ke kawo shaida. In babu wanda zai tabbatar da yadda littafi ya fita daga gida ya shiga hannunsu, to za a ba wanda ake ƙara rantsuwa, in ya rantse magana ta ƙare. Ya ce a kawo wadda ta rubuta. Inna ta ce, “To a kai ta mana.” Kawu ya ce, “Ni in kai ɗiya budurwa gaban shari'a, gari ya taru kanta? Albasar ta ruɓe. Gobe za ni in janye.”

Inna ta same ni a madafa ina ta hura wutar da ta riga ta kama. Ta tsaya a kaina ta ce, “Ke, dube ni. Mutumin ga shi at tsaya miki ranad da kowa ka cewa a ɓoye ki cikin rumbu. Yanzu zai bar wahalatai ta shekaru don ya rufe miki asiri. Ni ban tambaye ki komi ba, kuma ba ni tambaya. Amma in akwai abin da kinka sani, ki san yadda za ki kwana da shi.” Ta fita. Na zauna hayaƙi na shiga idona, na samu abin fakewa na yi kukana. Da safe kafin Kawu ya fita na durƙusa a ƙofar ɗakinsa na ce, “Kawu, kar ka janye. Za ni.” Bai tambaye ni me zan faɗa ba. Ya ce, “Kin iya?” Na ce ban sani ba.

Ranar zama, Inna ta raka ni. Ban taɓa sanin Wurno na da mutane haka ba. Labari ya bazu cewa 'yar boko za ta yi shaida, har masu tallan fura sun matso. Aka shigar da ni, na durƙusa daga gefe, kaina a ƙasa. Ina ganin ƙafafun mutane kawai, kuma a cikinsu na gane takalmansa.

Attajirin ya fara magana, kuma wallahi mai baki ne. “Allah shi gafarta Malam, mi anka sace? Ga littafinai nan gabanka, ko shafi guda bai ɓace ba. Mutanen Kumashi bayinai na? Ya saye su? In na kunna fitilata ga fitilar maƙwabci, tashi ta rage haske?” Aka yi gunagunin yarda a waje. Ni kaina sai da na ji kamar yana da gaskiya.

Alƙali bai amsa masa ba. Ya sa muhuti, wato malamin da ke taimaka masa, ya buɗe littafin Kawu ya nemo duk inda aka rubuta Maisuna. Aka samu huɗu. Ya ce wa attajirin, “Mutum huɗu, gari huɗu, laƙabi guda? To.” Ya juya ga Kawu ya ce ya faɗi sunan gaskiya na kowanne. Kawu ya faɗi na Kumashi. Ya faɗi na Jos, suna ɗaya. Na Badun, shi ne. Na Gusau, shi ne dai. Kowace faɗa kamar ana zare mini zane. Sannan alƙali ya ce, “Yarinya, ke ar rubuta wanga littafi?” Na ce ni ce. “Kin san sunayensu na gaskiya?” Na ce na sani. “To mi as sa kinka sakaya? Sunan mahaifinki na?” Na girgiza kai. “Na kakanki? Na malaminki?” Na girgiza kai. Na buɗe baki, babu abin da ya fito sai iska.

Dattijon alƙalin nan, Allah ya saka masa, ya rage murya ya ce, “Ba sai kin faɗi sunan ba. In mai shi yana nan, nuna.” Na ɗaga hannu, na nuna inda takalman nan suke. Alƙali ya ce wa akawun, “Kai, mi sunanka?” Ya faɗa. Sai wata tsohuwa daga waje ta rangaɗa guɗa. Dariya ta fashe tun daga bakin ƙofa har titi. Na ji wani na cewa, “Ashe an ɗaura ba mu ci goro ba!” Wani ya ce, “Ba a tambaya ba ta ba da kanta!” Dogari na ta tsawa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Abin da na ɓoye wa Inna, na ɓoye wa ƙawayena, ga shi a tsakiyar gari: na ɗauki mutum miji a zuciyata alhali ko goron gaisuwa bai aiko gidanmu ba. Kuma Kawu na zaune yana ji.

Na zaci iyakarta ke nan. Ashe da saura. Da saurayin ya ga hanya ta toshe, sai ya canja magana. Ya ce, “Allah shi gafarta Malam, gaskiya na juye. Amma ban sata ba. Ita ab ba ni da hannunta, ta san abin da za ni yi da shi. Har tukuici na ba ta, sabulu, ta amsa.” Ya faɗi haka da muryar nan tasa mai daɗi, wadda yake karanta mini jarida da ita. A nan ne kunyar ta juye ta zama wani abu. Na ɗago kai, karo na farko, na ce, “Ƙarya ya ka yi. Ni na ba shi, ban musu. Kawu ba ya gari, ban tambaye shi ba, kuma da ya tambaye ni na ce ba wanda at taɓa. Wanga laifina na. Amma cewa yay yi zai koyi jera adireshi. Na ce mishi ba nawa ba na, yac ce ya sani.” Alƙali ya tambaye shi ko na faɗa masa littafin ba nawa ba ne. Ya kau da kai. Aka maimaita. Ya amsa cewa na faɗa masa.

Hukuncin ban ji shi duka a lokacin ba, kunnuwana na ƙara, daga baya Kawu ya maimaita wa Inna na haɗa. Alƙali ya ce ba zai kira abin sata irin ta mai fasa rumbu ba, tun da littafi bai bar mai shi ba, kuma gaskiya ne mutane ba mallakar kowa ba ne, duk wanda ya taka ƙafa ya je Kumashi ya nemo mai saye halalinsa ne. Amma su ba su taka ba. Sun karɓi tarin wahalar wani ta hanyar yaudara, daga hannun wadda suka san ajiya aka ba ta, wanda aka ba ajiya kuwa ba shi da ikon bayarwa. Sannan suka ɗora ƙarya a kai, suka kwantar da mai lafiya don su gaje shi da ransa. Ya ce wa attajirin, “Fitilar maƙwabcinka ba ta rage haske ba, gaskiya na. Amma kai ka ce ma mutane ta mutu.”

Ya yanke cewa dogari ya bi su Goronyo ya karɓo abin da aka juye a miƙa wa Kawu. Su rantse da Alƙur'ani cewa babu wani kwafi, kuma ba za su sake rubuta wa kowa daga ciki ba. Akawun da ya rubuta ƙaryar ya zauna a gaban muhuti ya rubuta wa kowane mutum cewa Kawu na nan lafiya yana cinikinsa, kan sarki daga aljihun maigidansa. Game da asara kuwa, ya ce ba zai ƙiyasta abin da ba a gani ba. Waɗanda aka tabbatar sun aika wa attajirin saƙo saboda takardar ƙarya, dattawan kasuwa su zauna su duba ribar a mayar wa Kawu. Sauran a bar wa Allah.

An yi duk wannan. Amma takarda ba ta gudu kamar damina. Kafin wasiƙun gyara su isa amsa ta dawo, ruwa ya sauka, sashen albasar ya tafi juji, har unguwa ta ɗauki wari. Wasu mutanen sun dawo da ba da haƙuri, wasu sun saba da sabon hannu ba su sake waiwayowa ba. Saurayin ya bar Goronyo, an ce ya yi kudu, da abin da ya rage a kansa na sunayen nan, wanda babu dogarin da zai iya karɓowa. Ni kuwa na daɗe ban je rijiya ba. Yara suka mayar da abin waƙar gaɗa, har da tafi.

Kawu bai taɓa yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya. Ranar da muka dawo daga kotu ya tsaya a zaure ya ce, “Kin yi abin da maza da yawa ba su iyawa.” Sai ya wuce. Amma bayan kwana kaɗan na ga ya sayo ƙaramin akwatin ƙarfe, ya sa littafin a ciki, ya rataya mabuɗin a wuyansa. In za mu yi aiki ya buɗe ya miƙo mini, in mun gama ya miƙo hannu in mayar. Yana da gaskiya. Duk lokacin da na ji ƙarar kwaɗon nan nakan gwammace a ce bulala ya yi mini aka wuce wurin.

Abin da na koya, na koye shi da tsada, kuma ba ni kaɗai na biya ba. Shari'a tana iya karɓo wa mutum takardarsa, ta sa a rantse, ta sa a gyara ƙarya, amma sai in akwai wanda zai tsaya ya faɗi yadda aka yi, kuma ba ta mayar da damina baya. Na kuma gane cewa na kashe ƙarfina wurin kunyar da mutane ke gani, ta sunkuyar da kai da sakaya suna, na bar wadda ta fi, ta jin nauyin abin da aka damƙa mini. Ga 'yan'uwana mata da suka iya alƙalami, waɗanda iyaye ke miƙa musu asirin cinikinsu don sun yarda da su, ga abin da zan ce: duk wanda ya roƙe ki abin da ya san ba naki ba ne, ya kuma sa soyayya a bakin roƙon, ya riga ya gaya miki matsayinki a wurinsa. Ke ce dai ba ki saurara ba.